Sankarar nono ta gado: a ƙirga da dangin uba

A cikin mata goma masu sankarar nono, wadda ta gāje ta ba ta fi ɗaya ba. Amma gidan da ta shiga jini, sai a ga ta kama goggo, ta kama yaya, tun ba su kai hamsin ba. Galibi dalilin shi ne tawaya a ɗaya daga ƙwayoyin halitta biyu, BRCA1 da BRCA2, da aka gano a 1994 da 1995. Aikinsu gyaran ɓarnar da ke aukuwa a ƙwayoyin jiki. Idan ɗaya ta zo da tawaya, ɓarnar sai ta yi ta taruwa.

Kuskuren da ya fi yawa a gidajenmu shi ne duban dangin uwa kawai. Uba ma yana gadar wa 'yarsa, ko da shi lafiyarsa ƙalau. Kowane ɗa, namiji ko mace, rabi da rabi ne: ko ya ɗauka ko ya tsira. Namijin da ya ɗauka na iya kamuwa da sankarar nono ko ta prostate, ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza.

Kafin ki je asibitin yanki a Garwa ko Marwa, 'yar uwa, zauna da tsofaffin gida ki rubuta: wa ta yi ciwon, tana da shekara nawa, nono ɗaya ko biyu, wa ta rasu da kumburin ciki. Haɗa da karne, wato littafin asibitin mai ciwon, idan yana nan. Wannan takarda ita likita zai fara dubawa kafin maganar gwaji.

Gwajin na jini ne ko yawu, kuma mai ciwon ake fara yi wa. Idan aka fara da mai lafiya ya fito babu komai, ba a san ko ta tsira ba ne ko tawayar gidan ce ba a gano ba. Wani lokacin kuma a ga canjin da ba a tantance illarsa ba. Wannan ba ya sa a yi tiyata. Ba a gwada yara sai sun kai 18.

Wadda aka samu da tawayar, ba yana nufin ta kamu da sankara ba, amma fiye da rabin irinsu kan kamu da ta nono a tsawon rayuwa. Daga shekara 25 likita zai riƙa duba nono duk wata 6 zuwa 12, da hoton IRM (na na'urar maganaɗisu) duk shekara, mamogurafi (hoton rediyo na nono) kuma daga 30.

Tawayar kan kawo sankarar ƙwan mace ma, ita kuwa ta fi ɓuya, don eko, wato hoton ciki, ba ya kama ta da wuri. Shi ya sa ake ba da shawarar cire ƙwai da bututunsu bayan an gama haihuwa: tsakanin 35 da 40 ga BRCA1, 40 zuwa 45 ga BRCA2. Shawara ce mai nauyi, tana yanke al'ada nan take, don haka a zauna da maigida gaban likita. Kumburin ciki, saurin ƙoshi ko ciwon mara da ya wuce mako biyu, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a je asibiti da takardar nan a hannu.