Noman Inabi da Giyar Inabi a Afirka ta Kudu

Afirka ta Kudu ce kan gaba wajen samar da giyar inabi a nahiyar Afirka, kuma tana cikin ƙasashe goma da suka fi samar da ita a duniya. Gonakin inabin giya a ƙasar sun kusan kai hekta 90,000, mafi yawansu a lardin Western Cape, a kwaruruka da gindin duwatsun da ke kewaye da birnin Cape Town. Sana'ar ta haura shekara 360, kuma tarihinta a haɗe yake da na mulkin mallaka, bauta da wariyar launin fata.

Yanayi

A wannan yanki ruwan sama yana sauka ne a lokacin sanyi, musamman daga Mayu zuwa Agusta, sannan rani ya zo da zafi da bushewa. Galibi ana girbi a Fabrairu da Maris. Igiyar ruwan sanyi ta Benguela, mai bin gaɓar yamma, tana rage zafin gonakin da ke kusa da teku. Akwai kuma iska mai ƙarfi daga kudu maso gabas da mutanen wurin ke kira likitan Cape. Tana busar da raɓa, ta haka tana rage cututtukan ganye, amma idan ta yi yawa takan kakkarya rassa.

Farkon lamari

A 1652 Kamfanin Holan mai kasuwanci da ƙasashen Asiya ya aiko Jan van Riebeeck ya kafa zango a Cape, inda jirage za su riƙa ɗibar ruwa da abinci. An dasa inabin farko a 1655. A ranar 2 ga Fabrairu 1659 Van Riebeeck ya rubuta a littafinsa na yau da kullum cewa an matse inabin Cape a karon farko, kuma daga wannan rana ake ƙirga shekarun sana'ar.

Gwamna Simon van der Stel ne ya ba ta gindin zama. Ya kafa garin Stellenbosch a 1679, sannan a 1685 ya sami babban fili a bayan Dutsen Table, ya sa masa suna Constantia. Daga 1688 Faransawa 'yan Furotesta, waɗanda ake kira Huguenot, suka fara isowa bayan an hana su addininsu a gida. An zaunar da da yawa daga cikinsu a kwarin da yau ake kira Franschhoek, kuma har yanzu gonakin wurin na ɗauke da sunayen Faransanci. Masana sun saɓa a kan yawan waɗanda suka iya noman inabi tun daga gida.

Filayen nan duka makiyayar Khoikhoi ce, wato 'yan asalin wurin, kafin a ƙwace ta. Aikin gona kuwa bayi ne suka ɗauke shi. Manyan ayarin bayi na farko sun iso a 1658, ɗaya daga Angola, ɗaya daga gaɓar Dahomey a Afirka ta Yamma. Daga baya aka riƙa kawo su daga Madagaska, Mozambik, Indiya da tsibiran Indunisiya. Daga cikin waɗanda aka kawo daga gabas ne al'ummar Musulmin Cape ta samo tushe. Duk wanda ya ga fararen gidajen gona na wancan zamani, waɗanda masu yawon buɗe ido ke ɗaukar hotonsu, ya kamata ya san hannun da ya gina su.

Ɗaukakar Constantia da faɗuwarta

Bayan rasuwar Van der Stel a 1712 an rarraba gonar. Hendrik Cloete ya sayi ɓangaren Groot Constantia a 1778, kuma a hannun iyalinsa giyar Constantia mai zaƙi ta yi suna har a fadojin Turai. An kai wa Napoleon ita lokacin da yake tsare a tsibirin Saint Helena.

Birtaniya ta karɓe Cape a 1795, ta sake karɓewa a 1806. Ta rage wa giyar Cape harajin shiga kasuwarta, manoma suka faɗaɗa gonaki ba tare da kula da inganci ba. An soke bauta a 1834, amma aka tilasta wa bayin ci gaba da aiki har 1838. Wajajen 1861 Birtaniya ta janye rangwamen bayan yarjejeniyar kasuwanci da Faransa, kasuwa ta rushe. Sai kuma a 1886 ƙwaron filoksera mai cin saiwar inabi ya ɓulla, ya kashe gonaki masu yawa. Maganin da aka samu shi ne aure: a ɗora reshen inabin Turai a kan saiwar inabin Amurka, wadda ƙwaron ba ya iya kashewa.

Zamanin KWV

Sake dashen ya haifar da giya fiye da abin da kasuwa za ta sha, farashi ya faɗi warwas. Don haka aka kafa ƙungiyar manoma ta KWV a 1918, mai hedikwata a Paarl. Doka ta ba ta ikon tsayar da mafi ƙarancin farashi, daga baya kuma ikon ƙayyade yawan abin da kowace gona za ta noma. Tsarin ya tsare manoma fararen fata daga karyewa, amma ya saka wa mai noma da yawa, ba mai noma da inganci ba. Inabi da yawa ya tafi ga yin barandi, wato barasa mai ƙarfi da ake tatsa daga giyar inabi. An soke ƙayyadewar a 1992, ƙungiyar ta koma kamfani a 1997. A tsakani, cikin 1973, an kafa dokar da ke tabbatar da asalin yankin da giya ta fito.

Mafi munin gadon wannan tarihi shi ne tsarin dop, wato biyan ma'aikacin gona wani ɓangare na ladansa da giya. An haramta shi a farkon shekarun 1960, amma ya ci gaba a wasu gonaki har cikin shekarun 1990. Illarsa ba ta gushe ba: wasu garuruwan noma na Western Cape na cikin wuraren da aka fi samun jariran da barasa ta yi wa lahani tun suna ciki a duk duniya.

Ire-iren inabi

Chenin blanc ne aka fi nomawa, kusan kashi ɗaya cikin biyar na gonaki, kuma babu ƙasar da ta kai Afirka ta Kudu yawansa. An daɗe ana kiransa Steen, sai a shekarun 1960 aka tabbatar da cewa shi ne farin inabin kwarin Loire na Faransa. Sauran farare sun haɗa da Colombard, Sauvignon blanc da Chardonnay. A jajaye akwai Cabernet Sauvignon, Shiraz da Merlot.

Pinotage ne ɗan gida. Farfesa Abraham Izak Perold na Jami'ar Stellenbosch ya samar da shi wajajen 1925 ta hanyar barbarar Pinot noir da Cinsaut, wanda a lokacin ake kira Hermitage a Cape. Sunansa ya fara fitowa a jikin kwalba a 1961. Ra'ayi ya rabu a kan ɗanɗanonsa.

Yankuna

Stellenbosch ya yi fice da jar giya, kuma a nan cibiyar koyarwa da bincike take. Paarl ya fi shi zafi. Swartland, ƙasar alkama a arewacin Cape Town, ta yi tashe tun wajajen shekara ta 2000 saboda tsofaffin itatuwan inabi da ake bari ba tare da ban ruwa ba. Kwarin kogin Breede, wato Breedekloof, Worcester da Robertson, ya dogara da ban ruwa, kuma daga nan kaso mai tsoka na giyar ƙasar ke fitowa. Elgin da Hemel-en-Aarde wurare ne masu sanyi da suka dace da Pinot noir da Chardonnay. Calitzdorp a Klein Karoo an san shi da giya mai zaƙi da ƙarfi. Can arewa akwai gonakin bakin kogin Orange, kusa da Upington.

Bayan 1994

Da mulkin wariyar launin fata ya ƙare, aka kuma ɗage takunkumin ciniki da ƙasashen duniya suka ƙaƙaba wa ƙasar, fitar da giya zuwa waje ya ƙaru ƙwarai, musamman zuwa Birtaniya da Jamus. Mafi yawan filayen har yanzu suna hannun fararen fata, kuma ana ci gaba da jayayya a kan rabon ƙasa, albashi da matsugunin ma'aikatan gona.