Tsofaffin Filayen Kuza na Ƙasar Toro

Tsofaffin filayen kuza na ƙasar Toro su ne wuraren da aka haƙi kuza a zamanin Turawa a yammacin jihar Bauchi, kan iyaka da jihar Filato, musamman a kewayen Tilden Fulani da bakin kogin Dilimi. Yau galibinsu sun koma kududdufai da tuddan jar ƙasa, wasu ciyawa ta rufe, wasu an mayar da su lambuna.

Asalin haƙar

Tun kafin zuwan Turawa mutanen wani gari mai suna Liruwen Dalma na tsince kuza daga yashin rafi, su narka ta, su zuba ta siri-siri kamar tsinke, fatake su kai kasuwanni. Irin waɗannan tsinkayen ne suka ja hankalin kamfanin Niger Company, ya turo masu bincike a 1902 su gano tushensu. A lokacin har Naraguta da Jos duk a Lardin Bauchi suke, shi ya sa tsofaffin takardu ke cewa kuzar Bauchi. Sai a 1926 aka yanke Lardin Filato.

Da farko a ka ake ɗaukar kuzar, 'yan dako su taka da ita har Loko a bakin Binuwai. Ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya isa Bukuru a 1914, aka rufe layin a 1957. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan Japan ta ƙwace Malaya, ƙasa mai arzikin kuza da ke ƙarƙashin Ingila, a 1942, Ingila ta matsu da kuzar Nijeriya, aka riƙa kwaso mutane daga lardunan Arewa don aikin tilas, abin da ake kira ɗiban gwamna. Sanyi da yunwa da cuta sun kashe da yawa daga cikinsu. Sana'ar ta yi ta ja da baya bayan samun 'yancin kai, faɗuwar farashin kuza a kasuwar duniya a 1985 kuma ta ƙarasa manyan kamfanonin.

Yadda wurin yake a yau

Mai tafiya a ƙafa zai fara gane tsohon filin kuza ne da tuddai. Tudun Allah yana da dutse a jikinsa da itatuwa masu shekaru. Na lebura kuwa ƙasa ce zalla da aka juye kwano bayan kwano, ruwan sama ya tsattsage gefenta, samanta a sanƙo. Da yake ƙasar can ƙasan rami ce aka ɗora bisa ta noma, shuka ba ta kama ta da wuri. Gamba ce ke fara tsira daga gindi, sai kalgo da sabara su biyo, amma akwai tuddan da har yanzu ko akuya ba ta samun abin tsinka a kansu.

Ramukan ne suka fi saurin farfaɗowa. Ruwa kan cika rami, daga nan sai bado ya shimfiɗu a kan ruwan, kwaɗi su tare, zalɓe da balbela su riƙa sauka da safe. A bakin irin wannan kududdufi za ka ga injin ban-ruwa na kuka, an ja roba zuwa fangalin tumatur da albasa da kabeji, can gefe Bafulatani na shayar da shanu. Wannan, a gaskiya, shi ne babban gadon da kamfanonin suka bari, kuma ba da niyya suka bar shi ba: ruwan rani a inda da can babu.

Daga gine-ginen barikin kamfanonin kuwa abin da ya rage kaɗan ne, harsashin dutse, guntun siminti da aka girke inji a kai, da magudanun da aka janyo ruwan wankin kuza, waɗanda yanzu sai a ɗauka kwari ne.

Haɗari

Kududdufin kuza ba ya da gangare irin na tafki. Bakinsa a tsaye yake, taku biyu mutum ya nutse, kuma yara da dabbobi sun sha halaka a irinsa a duk yankin kuza. Akwai kuma loto, wato rijiyar da masu haƙar hannu ke nutsawa su bi jijiyar kuza ta ƙarƙashi. Idan aka bar ta ciyawa kan rufe bakinta ruf, don haka mutanen gari ke gargaɗin baƙo kada ya saki turba, balle da damina. Baƙin yashin da ya rage bayan wanki na ɗauke da ma'adinin monazayit mai fitar da tururin radiyeshin, bai kamata a kwaɓa shi a yi gini ba.

Haƙar ma ba ta mutu ba. Duk sanda farashi ya tashi matasa kan koma tsofaffin tuddan da diga da shebur da kwano, su sake wanke ƙasar da kakanninsu suka riga suka wanke, ciyawar da ta yi shekaru tana kamawa ta tafi cikin mako guda.