Waiwaye: Yadda Rikicin Shigar Mata Sabarimala Ya Faro

Can cikin dajin tsaunukan jihar Kerala, a kudancin Indiya, akwai wurin bautar mabiya Hindu da ake kira Sabarimala. Abin bautar da ke ciki sunansa Ayyappa, kuma a imanin masu bauta masa ya yi alwashin ba zai kusanci mace ba har abada. Tushen rikicin ke nan.

Mai niyyar ziyara sai ya yi kwana 41 yana kame kai: ba nama, ba giya, ba aski, ba kusantar iyali, yana yawo ba takalmi cikin baƙaƙen kaya. Ranar hawa tsauni zai ɗoro ƙunshin da suke kira irumudi a ka, cikinsa har da kwakwar da aka fafe aka ɗura wa man shanu, wanda za a kwarara wa gunkin. Wanda bai zo da ƙunshin ba ba zai taka matakala 18 da ke kai wa ga ɗakin gunkin ba. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa bikin Makaravilakku a tsakiyar Janairu, miliyoyin mutane ne ke wannan tafiya, kowa na kiran ɗan'uwansa "Swami".

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, a nan ba a tambayar mutum addininsa ko ɗan wane gida ne. Masu ziyara ma sukan ya da zango a garin Erumeli su gewaya masallacin Vavar, wani Musulmi da suke ɗauka aminin Ayyappa ne. Ƙofar da aka buɗe wa kowa, ita ce aka rufe wa mace mai shekara 10 zuwa 50.

A da ba a tsananta ba, don wasu matan kan je idan ba lokacin babbar ziyara ba ne. A 1991 Babbar Kotun Kerala ta tabbatar da haramcin, ta ce a riƙa aiki da shi kowane lokaci. A 2006 wata ƙungiyar matasan lauyoyi ta garzaya Kotun Ƙolin Indiya tana ƙalubalantar haramcin. Sai ranar 28 ga Satumba, 2018 hukunci ya fito: alƙalai 4 cikin 5 suka ce hana matan ya saɓa wa tsarin mulki. Wadda ta ƙi amincewa ita ce mace tilo a cikinsu, Mai Shari'a Indu Malhotra, wadda ta ce ba hurumin kotu ba ne ta auna ibadar mutane da ma'aunin hankali.

Kerala ta kama da wuta. Dubban mata masu bautar Ayyappa ne da kansu suka fito zanga-zangar ƙin hukuncin, aka tare hanyoyi, aka kori matan da suka gwada hawa. Da asubahin 2 ga Janairu, 2019, mata biyu suka shiga da rakiyar 'yan sanda, sai babban malamin wurin ya rufe ɗakin ya tsarkake shi.

A Nuwamban 2019 kotun ta miƙa batun ga zaman alƙalai mafi girma, ta kuma haɗa shi da wasu ƙararraki, ciki har da ta shigar mata Musulmi masallatai. A ganina nan ne maganar ta wuce Ayyappa, domin iyakar da za a shata wa kotu a kan ibada za ta shafi Musulmin Indiya kamar yadda za ta shafi masu hawa tsaunin.