Waiwaye: Yadda aka fara auna barazanar ɗumamar teku ga kifin ƙasashe masu zafi

A kasuwar kifi ta Kado, nan Abuja, in katan ɗin titus ko shawa ya yi tsada, dala ake ɗora wa laifi, sai kuɗin mota daga Legas. Da wuya ka ji an ambaci teku. Mu da muka taso da tarwaɗa da ragon ruwa, ina ruwanmu da teku? Amma maganar illar ɗumamar teku ga kifi ta daɗe.

Peru, ta Kudancin Amurka, tana cikin waɗanda suka ɗanɗana kuɗarta tun tuni. A 1970 masuntanta sun kama ƙananan kifin ancobi fiye da tan miliyan 12. A 1972 ruwan ɗumi na El Nino, wato ɗumamar da kan taso a tekun Pasifik bayan 'yan shekaru, ya iso gaɓarsu, sana'ar ta durƙushe. Aka yi ta gardama: ruwan ne, ko kamun da ya wuce kima? Duka biyun ne, kuma har yau raba su shi ne ƙashin bayan matsalar awon.

An daɗe ana duba kifin kawai. A 2009 masanin harkar kamun kifi Edward Allison da abokan bincikensa suka juyo kan mutane. Sun jera ƙasashe 132, suka yi wa kowace tambaya uku: yaya ɗumamar za ta taɓa ta, yaya ta dogara da kifi wajen ci da samun kuɗi, kuma tana da ƙarfin jurewa? Mafi yawan waɗanda suka fi shiga haɗari ƙasashen Afirka ne, ciki har da Gini da Senegal. Tambaya ta ukun nan ce ta fi damuna, domin ta aljihu ce.

Shekara guda bayan haka, lissafin William Cheung na Jami'ar British Columbia ya nuna abin da ake iya kamawa a tekunan yankin zafi zai iya raguwa da abin da ya kai har kashi 40 cikin 100 zuwa 2055, alhali na yankin sanyi zai ƙaru. Dalilin a fili yake. Kifin yankin zafi da ma yana bakin iyakar zafin da zai iya ɗauka, ruwan ɗumi kuma ba ya riƙe iskar shaƙa sosai. Sai kifin ya yi ƙaura zuwa sanyi, babu kuma wani mai zuwa ya maye gurbinsa. An riga an ga kifin sadinela yana matsawa arewa daga ruwan Senegal.

Gaɓar tekun Najeriya ta kai kilomita 853, galibin masu kamun kuwa 'yan kwalekwale ne, irin masu bandar kifin bonga a Akwa Ibom da Bayelsa. Babban jirgi yakan bi kifi duk inda ya nufa. Mai kwalekwale iyakarsa inda mansa ya ƙare, bongarsa kuwa ita ake jerawa a tire kusa da katan ɗin titus a Kado.