Waiwaye: Yadda makaɗin yawo ya koma dogaro da takardar naira

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ake ta ce-ce-ku-ce kan halin da makaɗan gargajiya suka shiga a Gombe da Bauchi. Wasu na cewa kuɗin mota ne ya zaunar da su, wasu na cewa masu fiyano da DJ ne suka ƙwace musu biki. Duk akwai ƙamshin gaskiya, amma ruwan ya daɗe da cin makaɗi kafin nan.

Abin da kowa ya sani ba sai an ja shi ba. Sauyin ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e, wato hukumar gargajiya da sarakuna ke jagoranta, aljihun fada ya ragu. Kaset ya zo, mutum ya sha kiɗan kukuma a shagonsa bai ba kowa ko sisi ba. Daga 1986 naira ta fara zubewa, daga baya waƙoƙin fim suka mamaye gidajen biki.

Abin da ba a cika waiwaya ba shi ne mutuwar gayya. A da, mai babbar gona kan kira gayya da damina, samari su jeru a kan kunya, makaɗi na biye da su da gangar noma, yana kiran kowa da sunan ubansa da kirarinsa har rago ya ji kunyar ɗaga baya. Ran nan tuwo da fura ne, sai ɗan abin da ya samu. Ladan gaske sai kaka. Makaɗi ya bi gidajen waɗanda ya wasa, wannan ya ba da damin gero, wancan dawa, mai hali ya ƙara da akuya ko riga. Dami kuwa dami ne, naira ta tashi ko ta faɗi, kuma shi ke riƙe gidan har wata daminar.

Sai garmar shanu ta yawaita, 'yan ƙwadago suka karɓi sauran aikin, daga bisani maganin feshi ya shigo. Yaro guda da tanki a baya ya gama aikin da a da sai an tara unguwa. Manomi ya huta, ba mai ganin laifinsa, amma ba a yi wa mai feshi kiɗa. Daga nan yawo ya tashi daga abin rani ya zama na shekara: kasuwar Kumo, Dukku, Darazo, Alkaleri, rumfar mahauta, tashar mota, taron 'yan siyasa. Duk inda makaɗi ya je takardar kuɗi ake miƙa masa, a cire kuɗin mota, a raba saura da sanƙira (mai taya shi da kirari) da 'yan amshi, sannan ya auni hatsin da a da kyauta yake shigo masa.

Shi ya sa ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya buge su tun kafin a zo kan fetur, don ba a liƙi da taransifa. Yanzu wasu sun sallami 'yan amshi, mai kalangu da mawaƙi kaɗai ke hawa babur guda su bi kasuwannin kusa.