Rabuwar Jihohin Arewa da na Kudu a Ƙasar Amurka Kan Bauta da Tattalin Arziki Kafin Yaƙin Basasa

Rabuwar kai tsakanin jihohin Arewa da na Kudu a ƙasar Amurka rikici ne da ya ɗau kusan shekara 70 yana ruruwa kafin ya ɓarke ya koma yaƙin basasa a 1861. Masu tarihi sukan ce abu biyu ne ya raba yankunan, bauta da tattalin arziki, amma gaskiya in ka duba da kyau abin ɗaya ne, don a Kudu bawa shi ne jari, shi ne lebura, shi ne kuma jinginar da ake kai wa banki a karɓo bashi.

Asalin abin

Tun wajen rubuta kundin tsarin mulki a 1787 aka fara kwana-kwana da maganar. Aka yarda wai in za a raba kujerun majalisar wakilai a lissafa bayi biyar a matsayin mutum uku, kenan Kudu ta samu ƙarin kujeru da sunan mutanen da ko ƙuri'a ba su da ita. Jihohin Arewa kuwa sun bi sannu a hankali suna soke bauta, Pennsylvania ta fara doka a 1780, New York sai 1827 ta gama. Wasu a lokacin suna ganin bautar za ta mutu da kanta har a Kudu, sai ga Eli Whitney a 1793 da injin gurzar auduga mai raba ta da gurya cikin sauri, shikenan lissafi ya canja.

Auduga da gandaye

Masaƙun Ingila irin na Manchester suna neman auduga ido rufe, sai manoman Kudu suka bazama Alabama da Mississippi da Louisiana suna buɗe gandaye. An hana shigo da bayi daga Afirka a 1808, amma cinikin bai tsaya ba, cikin gida ya koma. Kimanin mutum miliyan ɗaya aka kwaso daga irin su Virginia da Maryland aka gangara da su can ƙasa, wasu a ƙafa ɗaure da sarƙa wasu a jirgin ruwa zuwa kasuwar New Orleans, a raba uwa da ɗa, miji da mata, ba ruwan kowa. A gandun auduga kullum da yamma sai an ɗora kwandon kowane bawa a sikeli, wanda bai cika awon da aka yanka masa ba bulala ce, wanda kuma ya zarce gobe a ƙara masa. A 1790 bayi ba su fi dubu 700 ba, zuwa 1860 sun kusa miliyan 4, kuma auduga ta haura rabin duk abin da Amurka ke fitarwa waje. A Carolina ta Kudu da Mississippi bayi sun ma fi masu 'yanci yawa.

Mafi yawan fararen Kudu fa ba su mallaki bawa ko ɗaya ba, wajen gida ɗaya cikin huɗu ne ke da su, amma masu manyan gandaye su ke riƙe da siyasa da jaridu, talakan farar fata kuma yana burin wata rana shi ma ya saya, ga tsoron abin da zai faru in an 'yanta su.

Arewa ita ta tafi wajen masana'antu da layin dogo da bankuna, baƙi daga Jamus da Ireland suna ta kwararowa suna aikin albashi. Sai dai hannunta ba tas yake ba. Masaƙun Lowell a Massachusetts audugar bayi suke saƙawa, bankuna da 'yan jirgin ruwa na New York da ita suka yi kuɗi, kuma da yawa daga masu adawa da yaɗuwar bauta ba don tausayin baƙar fata suke yi ba, so suke filayen yamma su zama na ƙananan manoma farare.

Rigimar harajin shigo da kaya ta taso a 1828, Arewa na son a kare masana'antunta Kudu na kukan kaya sun yi tsada, har Carolina ta Kudu ta ce a 1832 ba za ta bi dokar ba, shugaba Andrew Jackson ya yi barazanar tura soja aka sasanta. Masu cewa haraji ne ya jawo yaƙin suna mantawa a 1857 an sauke shi ƙasa sosai.

Sabbin yankuna

Inda wutar ta fi ci shi ne duk lokacin da ƙasar ta faɗaɗa yamma, sabuwar jiha ta bayi ce ko a'a, don kowace jiha sanata biyu take kawowa. A 1820 aka yarda a karɓi Missouri da bauta, Maine babu, aka ja layi aka hana bauta a sauran yankunan da ke arewa da shi. Bayan yaƙi da Meziko daga 1846 zuwa 1848 maganar ta dawo sabuwa, a 1850 Kalifoniya ta shigo ba bauta, aka biya Kudu da dokar kamo bayin da suka gudu. Wannan doka ta tilasta wa ɗan Arewa taimakawa wajen kamun, kuma jami'in da ke duba ƙarar dala 10 yake samu in ya miƙa mutum ga mai iƙirarin mallakarsa, dala 5 in ya sake shi. A 1854 sojoji suka rako Anthony Burns, wani bawa da ya gudu, ta titunan Boston zuwa jirgin da zai maida shi Virginia, dubban mutane na kallo suna ihu, da yawa da a da ba su damu ba ranar suka juya.

A wannan shekarar dokar Kansas da Nebraska ta rushe layin 1820, aka ce mazauna su zaɓa da kansu, sai ɓangarorin biyu suka yi ta tura mutane da bindigogi Kansas aka zub da jini, jam'iyyar Republican mai adawa da faɗaɗa bauta ma daga wannan rigimar ta samo asali. A 1856 ɗan majalisa Preston Brooks na Carolina ta Kudu ya lakaɗa wa sanata Charles Sumner mai adawa da bauta duka da sanda a cikin zauren majalisar dattawa har ya suma, mutanen Kudu suka riƙa aiko masa da sababbin sanduna. A 1857 kotun ƙoli a shari'ar Dred Scott, wani bawa da ya nemi 'yancinsa, ta ce baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne, majalisa kuma ba ta da ikon hana bauta a yankunan. Coci-coci ma tuni sun dare gida biyu, Methodist a 1844, Baptist a 1845. Sai John Brown, wani farar fata mai adawa da bauta, ya kai hari ma'ajiyar makamai ta Harpers Ferry a 1859 don tada boren bayi, aka rataye shi.

Ɓallewa

Abraham Lincoln na jam'iyyar Republican ya ci zaɓen shugaban ƙasa na Nuwamba 1860 da kusan kashi 40 cikin ɗari na ƙuri'u, a yawancin jihohin Kudu ko takararsa ba a saka ba. Bai ce zai taɓa bauta inda take ba, cewa ya yi ba za ta ƙara faɗaɗa ba, amma masu gandaye sun gane in aka tsaida ta darajar dukiyarsu da ƙarfinsu a majalisa za su riƙa zaizayewa. Carolina ta Kudu ta ɓalle ranar 20 ga Disamba 1860, shida suka biyo ta kafin Lincoln ya hau kujera, kuma takardar ɓallewar Mississippi ta faɗa ƙarara cewa bauta take karewa. Ranar 12 ga Afrilu 1861 'yan Kudu suka buɗe wuta kan sansanin sojan tarayya na Fort Sumter, wasu jihohi huɗu suka bi sahu suka cika 11.