Tumbi aka rage, ba a toshe maƙogwaro ba

Wannan makon ma sai da wata Hajiya ta zauna gabana tana share hawaye da bakin mayafi. Wata takwas ke nan da aka yi mata aikin rage tumbi, wanda a nan Jidda kowa ke kira takmim. Da farko kilo ya yi ta zuba, daga baya ya cije, yau mako shida sikeli bai motsa ba. Ta ce, "Wallahi 'yata ba na cin komai, shinkafa cokali uku na ƙoshi." Na yarda da ita. Sai dai muna cikin magana ta zuge jaka, ta fiddo ɗan filas, ta tsiyaya shayin da madarar gwangwani ta yi wa kauri. Na ce, "Hajiya, wannan kofi na nawa ne yau?" Ta ƙirga da yatsu, na huɗu, ga shi ko Azahar ba a kira ba.

Jama'a, na gaji da wannan magana, amma ba zan fasa ba. Mutanenmu na Jidda da masu zuwa daga Makka, maza da mata, kusan duk wanda ya kawo mini kukan "kilona ya tsaya" idan na bi diddigi sai na tarar da abin a cikin kofi.

Tsayawar kilo ita kanta ba abin tayar da hankali ba ce. Tana zuwa wa mutane da yawa tun wajen mako na uku bayan aiki, ta sake dawowa bayan wasu watanni, domin jikin da ya ragu ba ya ƙona abinci kamar da. Ku kwantar da hankalinku, aikin bai lalace ba, ba kuma sammu aka yi muku ba. Amma likita ya cire wajen kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbin ne don abinci kaɗan ya cika shi. Ruwa kuwa ba ya zama, wucewa yake yi. Shi ya sa wanda ba zai iya gama cinyar kaza ɗaya ba zai iya yini yana kurɓar zaƙi bai ji komai ba.

Ku yi lissafi da kanku. Ƙaramin cokali na sukari giram 4 ne. Cokali uku a kofi, kofi shida a yini, giram 72 ke nan, ba a sa madarar ba. Gwangwanin lemo mai gas ɗaya yana ɗauke da wajen giram 35. A 2017 gwamnatin Saudiyya ta ɗora wa lemo mai gas haraji na kashi 50, a 2019 ta haɗa da sauran abubuwan sha masu sukari, amma har yanzu kwali-kwali ake shigowa da su gidajenmu. Sai wani Alhaji ya ce mini, "Ai ni asir nake sha, na mangwaro, ba lemo ba." Alhaji, wannan ma sukari ne. Kunun gyaɗa da aka zuba wa sukari, fura da zuma, sobiya da Vimto in azumi ya zo, duk kanwar ja ce. Kun jure wuƙa, wasunku har da bashi, sa'an nan ku mayar da abin da aka cire ta bakin kofi? Haba!

Na san ba da gangan kuke yi ba. A nan in ka shiga gidan mutum ka ƙi shayinsa kamar ka raina shi ne, kuma wanda aka hana tuwo da kabsa dole ya nemi abin da zai rarrashi bakinsa. Ku karɓi kofin, ku ce likita ya hana ku sukari. Babu mai jin haushin marar lafiya. Gahawa ma ba laifi, amma dabino biyu sun isa, ba rabin faranti ba.

Sauran kun sha ji, a gurguje:

- Ku fara da nama, kifi, ƙwai, ful (dafaffen wake) ko zabadi (kindirmo) marar sukari kafin shinkafa da tamis (gurasa). Ana son furotin, wato sinadarin gina jiki, giram 60 zuwa 80 a yini. Ƙwai ɗaya wajen giram 6 ne.
- Ruwa zalla lita ɗaya da rabi zuwa biyu, kurɓi-kurɓi. Kada ku sha kan abinci, ku jira rabin awa.
- Tafiya minti 30, kwana biyar a mako, bayan Asuba ko Isha'i saboda zafi. Bakin teku na nan. Ku ƙara da ɗaga ɗan nauyi sau biyu a mako don tsoka ta tsaya.
- Magungunan bitamin da ƙarin jini kullum.
- Hawa sikeli sau ɗaya a mako, ba safe da yamma ba.

Kada kuma wani ya ce zai daina cin abinci gaba ɗaya don kilo ya motsa; gashi ne zai zube, jiri ya kwashe shi. Wanda ke yawan amai, ko ya kasa haɗiye ruwa, ya koma wurin likitansa yau. Sauran kuwa ku rubuta duk abin da ya ratsa maƙogwaronku na kwana bakwai, har da kurɓin da kuka yi a gidan maƙwabta, ku kawo mini takardar. Hajiya, ke kuma ki zo da filas ɗin nan, ina so in ɗanɗana da kaina.